Yadda ake ɗanɗana tsohon wiskin Sikotlan: hanci kafin harshe

Musulunci ya haramta giya, kuma mafi yawan masu magana da Hausa Musulmi ne, saboda haka wannan rubutu ba kira ba ne ga wanda ba ya sha ya soma. Na yi shi ne don manyan mutane waɗanda addininsu da dokar garinsu suka yarje musu, da kuma ma'aikatan otal da gidajen cin abinci a Abuja ko Jos ko Akara, waɗanda baƙo kan tare su da tambayar mene ne bambancin wannan kwalba da waccan.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake yi wa tsohon wiski shan gaggawa. A cika kofi da ƙanƙara, a tuttula lemon kwalba a kai, a kwankwaɗe. Wanda ya yi haka da abin da ya shekara 18 a ganga ya zubar da kuɗinsa, domin mafi yawan abin da ya biya yana cikin ƙamshi, kuma ƙamshin nan ba ya fitowa sai an ba shi lokaci. Ga yadda ake bi da shi daga farko.

Ka karanta kwalbar tukuna

Dokar wiskin Sikotlan ta shekarar 2009 ta fayyace abin da ya cancanci a rubuta masa single malt. Dole ya fito daga matata guda ɗaya, a yi shi da tsirarren sha'ir da ruwa da yis kawai, a tace shi zubi-zubi a tukwanen tagulla, ya yi aƙalla shekara 3 a gangar itacen oak wadda ba ta wuce lita 700 ba, a cikin ƙasar Sikotlan, kuma ƙarfin barasarsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin 100.

Matata guda ba ta nufin ganga guda. Kwalbar da ka saya yawanci haɗi ne na ganguna masu yawa daga matatar, wanda gwanin haɗi ya zaɓa don ɗanɗanon bana ya yi daidai da na bara. Lambar shekarun da ke jikin kwalba kuwa shekarun ƙaramin cikinsu ce. Idan an rubuta 15, babu ɗigo ɗaya a ciki da bai kai shekara 15 ba, amma ana iya samun wanda ya fi haka. Kuma shekarun cikin ganga kaɗai ake ƙirgawa. Da zarar an ɗura shi a kwalba tsufansa ya tsaya: ɗan shekara 12 da aka ɓoye a kabad shekara 20, har gobe ɗan shekara 12 ne.

Sai ka dubi ƙarfin barasa. Za ka fi cin karo da 40 da 43 da 46. Akwai kuma wanda aka rubuta wa cask strength, wato yadda ya fito daga ganga ba a ƙara masa ruwa ba, kamar Aberlour A'bunadh da yake kaiwa wajen kashi 60. Lambar 46 tana da dalili. Wiskin da ƙarfinsa bai kai haka ba yakan yi hazo idan ya yi sanyi, shi ya sa kamfanoni da yawa suke sanyaya shi su tace maiƙon da ke kawo hazon kafin su ɗura. Masu barin nasu a 46 ko fiye sukan tsallake wannan tacewa su rubuta non chill-filtered. Ni dai na fi son irin wannan, don nakan ji ya fi kauri a baki, ko da yake akwai masana da ke ganin bambancin bai taka kara ya karya ba.

Za ka kuma ga sunan yanki: Speyside, Highland, Lowland, Islay ko Campbeltown, su biyar ke nan da doka ta sani. Suna ba da haske kaɗan. An san Speyside, inda matatun Glenfiddich da Glenlivet da Macallan suke, da ƙamshin 'ya'yan itace da zaƙi. An san tsibirin Islay da hayaƙi, saboda Laphroaig da Lagavulin da Ardbeg. Amma a tsibirin nan ne Bunnahabhain take, kuma yawancin abin da take fitarwa ba shi da hayaƙi. Kada ka ɗora wa sunan yanki nauyin da ya fi ƙarfinsa.

Ganga ce ke yin yawancin aikin

Wannan shi ne abin da ya kamata ka fi nema a jikin kwalba, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Sabon ruwan da ke fitowa daga tukunyar tagulla fari ne tas, ƙarfinsa wajen kashi 70. Matatu da yawa suna rage shi zuwa 63.5 kafin su zuba a ganga. Launinsa na asali duka, da babban rabo na ƙamshinsa, daga katako zai samo su a cikin shekarun da zai yi a rumbun ajiya mai sanyi.

Gangunan kuwa kusan dukkansu wata giya ta taɓa zama a ciki. Dokar Amurka ta ce dole a ajiye giyarsu ta bourbon a sabuwar gangar oak da aka babbake cikinta, don haka da zarar an juye ta sai a sayar, kuma Sikotlan ce babbar mai saye. Wannan ganga, mai cin wajen lita 200, tana ba wiski ƙamshin banila da kwakwa da zuma, da launi mai haske kamar na karan dawa. Ɗaya nau'in shi ne gangar da aka jiƙa da giyar inabi ta sherry daga yankin Jerez na ƙasar Sifaniya, musamman nau'ikanta da ake kira oloroso da Pedro Ximénez. Babbarta tana cin wajen lita 500. Ita ke kawo ƙamshin busasshen inabi da dabino da kanumfari da ɓawon lemu, da launi mai duhu, da ɗan bauri a ƙarshe idan itacen na Turai ne. Matatar Glenfarclas, wadda iyalin Grant suke riƙe da ita tun 1865, da GlenDronach, sun yi suna a wannan fanni.

Akwai kuma tambayar sau nawa aka yi amfani da gangar. Wadda aka zuba wa wiski karo na farko, ana rubuta mata first fill, tana da ƙarfi, cikin shekara 10 ko 12 ta gama rina abin da ke cikinta. Wadda aka maimaita, refill, ta yi laushi, tana aiki a hankali, kuma sau da yawa ita ta fi dacewa da wiskin da za a bari shekara 25 ko 30, domin ba za ta danne halin matatar ba. Wasu kuma sukan ajiye wiski a gangar bourbon shekaru, sannan su juye shi a ta sherry na wasu watanni. Balvenie DoubleWood mai shekara 12 haka ake yin sa.

Kowace shekara, wajen kashi 2 cikin 100 na abin da ke ganga yana bin iska ta ramukan katako. Ka lissafa: bayan shekara 18 kusan kashi 30 ya tafi, bayan shekara 25 kusan kashi 40. Wannan asara, da kuɗin ajiya, su ne tushen tsadar tsohon wiski. Tsada dai shaida ce ta ƙarancinsa. Ba ta yi maka alkawarin zai fi daɗi ba.

Hayaƙi kuma tun kafin ganga yake shiga. Bayan sha'ir ya tsira sai a busar da shi, kuma wasu matatu suna hura wutar busarwar da fit, wata baƙar ƙasar fadama ce ta ruɓaɓɓun tsirrai da suka dunƙule cikin dubban shekaru, ana yanko ta a shanya ta ci wuta. Idan ka ga peated a kwalba, abin da ake nufi ke nan. Fit ɗin ma iri-iri ne. Na tsibiran Orkney, wanda matatar Highland Park take amfani da shi, yawancinsa daga wata ciyawa mai fure ne don bishiyoyi ba su da yawa a can, shi ya sa hayaƙinsa ya fi taushi da ƙamshi a kan na Islay.

Wuri da kofi da awo

Ka zaɓi ɗakin da ba a girki a kusa, ba a turara turaren wuta ba, ba a shan taba. Kai ma kada ka fesa turare, ka wanke hannu da sabulu marar ƙamshi. Kada ka zauna da yunwa, amma kuma kada ka zauna bayan ka ci yaji ko tafarnuwa ko ka tauna goro, domin harshe zai ɗauki lokaci kafin ya dawo daidai. Mai mura ya haƙura sai ya warke.

Kofin da ya dace shi ne mai faɗin ciki da tsukakken baki, don ƙamshin ya taru a sama. Wanda aka fi sani shi ne Glencairn, da wani kamfanin gilashi na Sikotlan ya fitar a 2001, sai kuma copita mai doguwar ƙafa da ake shan sherry da shi, wanda gwanayen haɗi suka daɗe suna aiki da shi. Idan babu ko ɗaya, ƙaramin kofin giyar inabi zai yi. Faffaɗan tambulan ɗin nan mai nauyin gindi da ake gani a finafinai yana barin ƙamshi ya watse.

Zafi abin lura ne a ƙasashenmu. A Sikotlan idan an ce a sha shi da ɗumin ɗaki, ana nufin wajen digiri 18 zuwa 20. A watan Afrilu a Kaduna ko Yamai ɗaki yakan wuce 35, kuma a wannan zafi tururin barasa ne zai riga kome zuwa hancinka. Ka sa kwalbar a wuri mafi sanyi a gidan, ko ka tsoma gindinta a ruwan randa na ɗan lokaci. Ƙanƙara kuwa tana wuce gona da iri, tana rufe ƙamshin gaba ɗaya.

Zuba mililita 20 zuwa 25, wato cokalin shayi huɗu ko biyar. Ka ajiye ruwa mai tsabta marar sanyi kuma marar warin kulorin a gefe, da ƙaramin cokali, da takarda da biro. Sannan ka bar kofin ya huta. Masu sha'awar abin suna cewa a ba shi minti ɗaya a kofi a madadin kowace shekara da ya yi a ganga. Ba doka ba ce, amma tana da amfani: ɗan shekara 18 da ka bari minti 15 ya bambanta da wanda aka zuba yanzu. Idan fanka na kaɗawa, ka rufe bakin kofin da ƙaramin faranti.

Ido

A nan ba a daɗewa. Ɗaga kofin a gaban farar takarda ka ga launin. Mai haske yana nuna gangar bourbon ko wadda aka maimaita, mai duhu yana nuna sherry. Sai dai doka ta yarda a ƙara launin ƙonannen sukari, E150a, don kwalabe su zama iri ɗaya, saboda haka duhu ba hujjar tsufa ba ne sai in an rubuta natural colour. Zirin ruwan da ke gangarowa a jikin kofi idan ka karkata shi yana nuna ƙarfin barasa da kauri, bai shafi inganci ba.

Hanci

Harshe abu kaɗan yake ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da garɗi irin na romo. Duk sauran abin da muke kira ɗanɗano, hanci ne ke kawo shi. Gwanayen haɗi a Sikotlan da hanci suke yin yawancin aikinsu, suna shinshina samfura masu yawa a rana ba tare da sun haɗiye ba. Ma'aikacin otal da ba ya sha ma yana iya sanin kwalabensa ta wannan hanya.

Kada ka jujjuya kofin da ƙarfi yadda ake yi wa giyar inabi, don hakan barasa yake tayarwa. Ka karkata shi a hankali ruwan ya shafi gefe. Riƙe shi daidai haɓarka, ka ɗan buɗe baki, ka yi numfashi kamar yadda ka saba. Sannan ka matso da shi sannu a hankali har bakin kofin ya zo ƙarƙashin hanci. Shaƙa gajere-gajere. Idan ka ji raɗaɗi ka matsa da yawa, ka janye ka jira. Shaƙar farko kusan kullum barasa ce kawai. Daga ta biyu da ta uku ne abubuwa ke soma fitowa. Gwada kafar hanci ɗaya sannan ɗayar, domin ba daidai suke ji ba a lokaci guda, ka kuma gwada gefen kofin na sama da na ƙasa.

Kada ka nemi sunan ƙamshi tun farko. Fara da manyan tambayoyi. Akwai hayaƙi ko babu? 'Ya'yan itacen da nake ji ɗanyu ne ko busassu? Zaƙin na zuma ne ko na ƙonannen sukari? Akwai kayan yaji? Akwai warin katako? Idan ka amsa waɗannan sai ka shiga ciki. Idan ɗanyun 'ya'yan itace ne, tuffa ce ko ayaba ko abarba? Idan hayaƙi ne, na itacen girki ne, ko na toka mai sanyi, ko na kwalta, ko kuwa irin warin aidin na ɗakin shan magani, wanda Laphroaig ta shahara da shi?

Bayanin da kamfanoni ke rubutawa a kwali an yi shi ne da hancin mutumin Birtaniya, cike da sunayen kek da furanni da 'ya'yan itacen da da yawanmu ba mu taɓa shinshinawa ba. Ba dole ka ari hancinsa ba. Ka ambaci abin da ka sani. Idan wiskin gangar sherry ya tuna maka dabino da tsamiya da kirfa, rubuta haka. Idan na Islay ya kawo maka bandar kifi ko kilishin da ya sha wuta, shi ne daidai. Tsofaffin wiski da yawa suna da warin jemammiyar fata, da ganyen taba, da kakin zuma, da cikin tsohuwar akwatin katako. Amfanin sunan shi ne ya sa ka gane ƙamshin idan ka sake haɗuwa da shi bayan wata shida, kuma sunan da ya fito daga rayuwarka ne kaɗai zai yi maka wannan aiki.

Hanci yana gajiya da wuri. Idan ka ji kome ya zama iri ɗaya, ka ajiye kofin, ka shinshina bayan hannunka ko hannun rigarka, ka jira minti biyu. Wata dabara kuma: ɗiga ɗigo biyu a tafin hannu, ka murza har barasar ta bushe, ka rufe hanci da tafukan. Abin da ya rage shi ne ƙamshin hatsin da na katakon, ba tare da raɗaɗi ba.

Hanci ne kuma zai gaya maka idan akwai matsala. Warin jiƙaƙƙen kwali ko rumfar da ta yi danshi yana nuna toshiyar kwalbar ta lalace. Warin ashana da aka ƙyasta ko na roba yana fitowa a wasu gangunan sherry da aka turara da farar wuta. Wasu suna son kaɗan daga cikinsa, wasu ba sa jure ko ɗis.

Baki

Kurɓin farko ya zama ɗan mitsitsi, wanda zai jiƙa harshe kawai. Aikinsa ya sabar da baki da ƙarfin barasa, kada ka yanke hukunci a kansa. Jira rabin minti.

Kurɓi na biyu shi ne na gaske. Ɗauki kamar rabin cokalin shayi, ka riƙe shi daƙiƙa 10 ko fiye, ka bar shi ya zagaya harshe da dasashi da gefen kumatu, kana motsa baki kamar mai tauna. Abu uku za ka lura da su, kuma a jere suke zuwa. Na farko jikinsa: tsinkakke ne ko mai kauri, yana da maiƙo da santsi ko yana busar da baki? Na biyu tafiyarsa: da me ya fara, me ya biyo baya? Wiski mai kyau yana sauyawa a baki, ya shigo da zaƙi, ya juya zuwa citta ko masoro, ya ƙare da ɗacin cakulan ko hayaƙi. Wanda ya tsaya a kan abu ɗaya daga farko har ƙarshe bai kai wancan ba, kome shekarunsa.

Na uku shi ne abin da ya rage bayan ka haɗiye. Rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci. Ƙamshi zai taso ta bayan maƙogwaro, kuma sau da yawa a nan ne za ka ji abin da bai fito a kofi ba. Lura da tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya gushe, da kuma yadda ya gushe: da zaƙi, ko da gishiri, ko da bauri. A nan tsohon wiski na kirki yake nuna kansa, don yakan zauna a baki minti da yawa yana canza kama. Idan kana gwada kwalabe fiye da biyu, tofarwa ba abin kunya ba ne, haka ƙwararru suke yi.

Ruwa

Akwai masu ganin ƙara ruwa raini ne ga wiski. Ban yarda da su ba, kuma mutanen da ke yin sa ma ba su yarda ba: a ɗakin gwaji sukan tsinka samfur har zuwa wajen kashi 20 don su ji ƙamshinsa sosai. A 2017 wasu masana kimiyyar sinadarai biyu na Jami'ar Linnaeus a ƙasar Suwidin, Björn Karlsson da Ran Friedman, sun wallafa binciken da ya nuna cewa sinadarin guaiacol, mai ba da ƙamshin hayaƙi, ya fi taruwa a saman ruwan idan barasa ta ragu, inda hanci zai same shi.

Sai dai a yi shi da awo, kuma bayan ka riga ka shinshina ka ɗanɗana shi yadda yake. Ɗiga ɗigo uku ko huɗu, ka karkata kofin, ka jira minti ɗaya, ka koma hanci. Ga lissafi don ka san inda kake: mililita 25 mai ƙarfin 46, idan ka ƙara cokalin shayi ɗaya na ruwa, ya sauko wajen 38. Mililita 25 mai ƙarfin 60 yana ɗaukar cokali biyu kafin ya sauko wajen 43. Mai ƙarfin ganga kusan kullum yana son ruwa. Amma tsoho sosai, ɗan shekara 25 ko 30 da aka ɗura a 40 ko 43, ka yi hattara da shi. Jikinsa ba shi da ƙarfin ɗaukar ruwa, ɗan kaɗan zai sa ya saki ya bar maka ɗacin katako. Idan kana shakka, raba abin da ka zuba kofi biyu, ka sa ruwa a ɗaya kawai.

Abin da shekaru ke yi, da yadda za ka ji shi da kanka

Tsufa yana rage kaifin sabon ruwa, yana haɗa ƙamshi daban-daban su zama abu ɗaya, yana kawo 'ya'yan itacen ƙasashen zafi kamar mangwaro da abarba a wasu, fata da kaki a wasu. Yana kuma cinye hayaƙi. Wanda ya so Islay don ƙarfin hayaƙinsa yana iya jin ɗan shekara 25 ya yi masa sanyi a kan ɗan shekara 10. Idan kuma aka bar wiski ya wuce lokacinsa a ganga mai ƙarfi, katako yakan rinjaye shi, ya zama ɗaci da bauri kawai. A ganina, yawancin matatu suna kai gaɓar da ta fi kyau tsakanin shekara 12 da 21, ko da yake akwai gangunan da suka wuce haka lafiya. Kamfanin Gordon & MacPhail na garin Elgin ya fitar da Glenlivet mai shekara 80 a 2021, wanda aka zuba a ganga a 1940. A Nuwamban 2023 kuma an yi gwanjon kwalbar Macallan ta 1926 a Landan a kan sama da fam miliyan 2. Wannan kasuwar masu tara kayan tarihi ce, ba ta da alaƙa da koyon ɗanɗano.

Koyo yana zuwa ne ta kwatantawa. Kofi ɗaya shi kaɗai ba ya koya maka abu mai yawa, amma biyu a gefe da gefe suna bayyana juna. Don ka ji aikin ganga da na fit, jera uku: Glenfiddich mai shekara 12, Glenfarclas mai shekara 15, da Lagavulin mai shekara 16. Ka bi su a wannan jeri, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi, mai hayaƙi a ƙarshe, domin idan ka fara da shi ba za ka ji sauran ba. Don ka ji aikin shekaru kuwa, ɗauki biyu daga matata ɗaya. Talisker ta tsibirin Skye ta dace da wannan, saboda ɗan shekara 10 da ɗan shekara 18 duka a ƙarfin 45.8 ake ɗura su, don haka ƙarfin barasa ba zai rikita ka ba. Za ka ji yadda yajin masoro da hayaƙin ƙaramin suka kwanta a babban, zaƙi ya taso.

Mafi kyau duka shi ne wani ya zuba maka ba tare da ka ga kwalbar ba. Sanin farashi da lambar shekaru yana shiga hanci fiye da yadda mutum ke zato. Idan a ɓoye ka zaɓi mai arahar, ka tsaya a kan zaɓinka, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Tsakanin kofi da kofi ka sha ruwa, ka ci ɗan burodi marar zaƙi. Rubuta layi uku kawai a kan kowanne: hanci, baki, da abin da ya rage. Kafin ka wanke kofin da ya ƙare, bar shi rabin awa ka sake shinshinawa, domin ƙamshin gangar ya fi fitowa fili a busasshen kofi.

Iyaka, jabu, da ajiya

Wiski barasa ce mai ƙarfi, tsufa da tsada ba su rage mata illa ba. A ma'aunin Birtaniya, mililita 25 mai ƙarfin 40 shi ne awo ɗaya, kuma hukumomin lafiyarsu sun ba da shawarar kada a wuce awo 14 a mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba ya cutarwa. Zaman ɗanɗano kada ya wuce kofi uku ƙanana, kuma wanda ya zauna ba ya tuƙi a ranar. Mai juna biyu, da mai ciwon hanta, da mai shan maganin da ba ya jituwa da barasa, da wanda ya san ba ya iya tsayawa idan ya fara, duk ba nasu ba ne.

Jabu kuma matsala ce ta gaske a kasuwanninmu. Hukumar NAFDAC ta sha kama masu ɗura haɗe-haɗe a tsofaffin kwalaben giya masu tsada, kuma irin wannan haɗi yana iya ƙunsar sinadarin metanol da ke makantarwa ko kashewa. Sayi daga shagon da aka sani, duba hatimin bakin kwalba ko an taɓa shi, duba ko rubutun takardar ya fita sosai, ka guji farashin da ya yi araha fiye da hankali. Kwalbar da ta ƙare, a yage takardarta kafin a yar.

Ajiye kwalba a tsaye, ba a kwance yadda ake ajiye giyar inabi ba, don ƙarfin barasa yana cin toshiya. Nisanta ta da hasken rana da zafin kicin da saman firji. Wadda ba a buɗe ba tana shekaru ba ta canza ba. Wadda aka buɗe kuwa iska tana aiki a kanta: makonnin farko takan ƙara buɗewa, shi ya sa bai kamata ka yanke wa sabuwar kwalba hukunci a kofin farko ba. Amma idan ta sauko ƙasa da kashi ɗaya cikin uku, iskar ta yi yawa, ƙamshin zai soma dushewa cikin 'yan watanni. A lokacin sai ka juye ragowar a ƙaramar kwalbar gilashi mai murfi mai kyau, ka cika ta har wuya, ka manna takarda da sunan wiskin da ranar da ka juye.